Wajen Wa Uzairu Yake Zuwa?

"Kai malam! Ba ka gani ne?"

Da ƙarfi na faɗa, don kwale-kwalensa ya zo ya daki gaɓa, ruwan taɓo ya fallatsa a kan kayan da na gama wankewa. Ya diro da sauri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, komar kamun kifi a kafaɗa.

"Yi haƙuri don Allah. Rana ce ta kashe min ido."

"Ta kashe maka ido, amma ba ta hana ka ganin kifi ba ko?"

Maimakon ya ji haushi, sai ya yi murmushi.

"Ke ce Hamdiyya, ko? Ta Kano?"

"Ni 'yar Tiga ce, karatu kawai na je. A ina ka san ni?"

"Faɗanki na ji. Sak na babanki, Baba Wada. Ni ne Uzairu."

Uzairu! Sunan da na sha ji a waya. Aminin marigayi Sagiru ne, mijin yayata Maijidda, wanda hadari ya rutsa da shi a tsakiyar dam ya kifar da jirginsa. Tun da Yaya ta gama takaba ta dawo gida da 'yarta Bushira, Uzairu bai taɓa fashin kawo mana kifi ba. Ni ce dai ban taɓa ganinsa ba, don 'yan shekarun nan aikin gwaji a asibiti yake cinye min hutu.

Ya durƙusa zai tsince min kayan.

"Bar shi," na ce. "Zan sake ɗauraye su."

"To ki yafe ni tukuna."

"Na yafe."

Ban san dalilin da ya sa na kasa ɗaga kai ba sai da ya yi nisa.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin ruwa. Baba yana yaro dam ya cinye garinsu aka taso da su, shi ya sa da ya tashi gini ya matso har bakin gaɓa. Yanzu gwiwoyi sun hana shi shiga ruwa, sai dai ya zauna gindin darbejiya yana gyaran komar mutane, rediyo a gefensa.

Bazara ce, zafi kamar a tukunya. Da sassafe mukan yi wanki da wanke-wanke a bakin ruwa, shanun Fulani suna sha daga can gefe, balbelu na bin su. Rana na take tsakiya kowa ya gudu rumfa. Mu sa Bushira a baho tana facal-facal, mu kuma mu yi ta shan mangwaro har haƙoranmu su mutu. In iska ta taso daga dam da la'asar, sai gidan ya farfaɗo.

A lokacin ne ake jin sallamar Uzairu.

"Salamu alaikum! Baba, an wuni lafiya? Maman Bushira, ga na miya."

Ya zauna wajen Baba su taɓa hira, Bushira ta haye cinyarsa, kafin magariba ya tafi. Shi ke nan fa. Amma cikin 'yan kwanaki na tsinci kaina ina sauraren la'asar tun da hantsi.

Sai ga Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba, ta zo mana kwana biyu daga Ba'awa. Ranar farko da ta ga Uzairu, yana fita ta tafa hannu.

"Yaya Wada, wai ku makafi ne a gidan nan? Namiji ya yi ta sintiri kullum, ku ce kifi yake kawowa? Yaron nan Maijidda yake so! Kunyar abokinsa ce ta riƙe masa baki."

"Kai Gwaggo!" Yaya ta faɗa, ta rufe fuska da gefen zani.

"Kai ɗin me? Ke tsohuwa ce? Wa zai riƙe Bushira kamar aminin ubanta?"

Na ga daɗi a fuskar Baba. Ni ma na yi dariya tare da su. Sai dai tawa dariyar ba ta kai zuci ba.

Kwana biyun Gwaggo suka zama makonni, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ƙarshen zancen. Yaya kuwa ta fara canzawa. In la'asar ta gabato sai ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ciro atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Ta dafa zoɓo da citta ta ajiye a randa ya yi sanyi. Wata rana har na ji tana 'yar waƙa tana tankaɗe.

Yaya fa! Wadda tun rasuwar Sagiru in ta yi dariya sai ta waiga kamar ta yi laifi. Ita ce ta bar makaranta lokacin da Innarmu ta rasu, ta goya ni, ta yi min kitso, ta tsaya a gaban Baba ta ce sai na yi karatun jinyar da nake so. In akwai wadda ta cancanci farin ciki a duniyar nan, ita ce.

To me ya sa nake jin haka?

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne Uzairu kansa. In Yaya ta miƙa masa zoɓo, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, kansa a ƙasa. Amma in na gifta, sai in ji idonsa a bayana. Sau ɗaya na ce ba na son tarwaɗa, tun daga ranar sai ƙarfasa yake kawowa.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Har ƙanwar yake lallashi. Yaron nan ya san hanya!"

Sai in ce a raina, haka ne, ƙanwa yake lallashi. Can kuma in tuna yadda ya tambaye ni yaushe zan koma Kano, da yadda fuskarsa ta faɗi da na gaya masa. In ce a'a, akwai wani abu. Sai kuma in ce, Hamdiyya, ba ki da kunya, mijin yayarki? In yi ta istigfari. Har na daina gane abin da idona ya gani da abin da zuciyata ta ƙirƙiro.

Wata safiya Yaya ta aike ni lambun Uzairu na bakin dam in karɓo tumatir. Na same shi yana kashe injin ban-ruwa. Ya cika min kwando, amma bai miƙo ba.

"Hamdiyya..."

"Na'am."

"Akwai maganar da na daɗe ina juyawa. Na je garin Ƙofa na ga kawuna, Kawu Balarabe. Ranar Asabar za su zo wajen Baba."



"Allah ya sanya alheri," na faɗa da sauri.

"Kin yarda ke nan?"

"Ni a wa? Duk gidan ma an yarda. An daɗe ana jira."

Ya yi turus. "An daɗe ana jira? To ai ban gaya wa kowa ba. Ki tsaya mana in..."

"Ana jirana a gida!"

Na fizgi kwandon na yi gaba. Yana kirana, ban waiga ba. Wallahi da gangan na ƙi tsayawa. In ya ce Yaya ce, ban san yadda zan riƙe fuskata ba. In kuma ya ce ni ce... wannan ma ban yarda na ƙarasa tunaninsa ba. Ban san wace amsa na fi tsoro ba.

Ina shiga gida Gwaggo ta ga ina haki.

"Lafiya?"

"Ya ce... ya ce magabatansa za su zo ranar Asabar."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Yaya tana bakin murhu, ta tsaya cak, muciya a hannu. Ba ta yi murmushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai kalle ni ta ce a hankali, "Haka ya ce miki?"

"Haka ya ce, Yaya."

Ranar Asabar tun da asuba muke aiki. Yaya da kanta ta yi waina da miyar kifi, aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Da hantsi baƙin suka iso, dattawa biyu. Muna tsakar gida muna jiyo gaishe-gaishensu sama-sama.

Ba a jima ba Baba ya shigo yana dogara sandarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Yaya Wada, yaya aka yi?" in ji Gwaggo. "An sa rana?"

Baba ya kalli Yaya. Ya kalle ni. Ya sake kallon Yaya.

"Hamdiyya suka ce."

Ludayin hannun Yaya ya faɗi cikin tukunya.

"Ba ka ji daidai ba!" Gwaggo ta miƙe. "Kunnenka ne! Koma ka tambaye su!"

"Na tambaya, Asibi. Na sake tambaya. Har na ce ko sunan suka rikita. Malam Balarabe ya ce a'a, 'yar makarantar, Hamdiyya." Ya zauna a kan turmi. "Na ce su ba ni lokaci."

Yaya ta goge hannunta a zani, ta ɗauki Bushira, ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

"Yaya!" Na bi ta da gudu. "Yaya, wallahi ban sani ba! Ban ce masa komai ba! Ba na so, Baba, ka gaya musu ba na so!"

Ba a buɗe ba. Gwaggo kuwa ta bi ni da wani irin kallo, ta ce, "Hmm. Karatun ke nan."

Na figi mayafi na fita. Uzairu yana bakin ruwa a kan dutse, yana jiran labari. Da ya hango ni ya miƙe da fara'a, sai kuma fara'ar ta gushe.

"Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Me na yi?"

"Kowa ya ɗauka wajen Yaya kake zuwa! Har ita! Kullum kana gidan, kullum kifi, kullum Bushira a cinyarka. Me kake so a ɗauka?"

Ya dafe kai. "Innalillahi... Maman Bushira? Hamdiyya, matar Sagiru ce fa! Tare muka tashi da shi, kwano ɗaya. Kallon 'yar uwa nake mata. Ko da wasa ban taɓa..."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na so in faɗa a lambu, kika gudu!"

Gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara min zafi.

"Ka janye."

"Ki kalle ni ki ce ba kya sona, sai in janye."

Hawaye suka zubo.

"Ban sani ba! Ban san komai ba! Ni dai ka janye, Uzairu, don girman Allah!"

Daga ranar ya daina zuwa.

La'asar ta zama lokacin da na fi tsana. Iskar dam ta shigo kamar kullum, amma ba sallama. Baba ya yi ta gyaran koma rediyonsa a kashe. Bushira ta tsaya a bakin zaure tana leƙe, tana cewa, "Ina Kawu?" Gwaggo ta tattara ta koma Ba'awa ba ko sallamar kirki.

Yaya ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi! Tana gaishe ni, tana zuba min abinci, muna wanki tare, amma kamar da bango a tsakaninmu. In na kalle ta sai in kasa gane fushi take, ko kunya, ko baƙin ciki. Ni kaina ban san me nake ji ba. Wani lokaci in ji na tsani Uzairu. Wani lokaci in ji ƙarar jirgi ya daki gaɓa, zuciyata ta yi tsalle kafin in tuna.

Na yanke shawarar komawa Kano tun hutu bai ƙare ba. Ina cusa kaya a jaka da rana tsaka, sai na ji motsi. Yaya ce a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Makaranta."

"An koma ne?"

Na ci gaba da cusa kaya. Ta shigo ta zauna a bakin katifa, ta ja jakar gefe.

"Zauna, Hamdi."

Rabon da ta kira ni haka har na manta. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "Ya yi min ciwo. Ranar nan ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ni da na yi waina da hannuna..." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Na so in ji haushinki. Na gwada, wallahi. Ya ƙi zama."

"Yaya, ki yafe min..."

"Bari in gama. Kwanakin nan ina ta tambayar kaina, wai son Uzairu nake? Na rasa amsa. In ya yi sallama, kin san me nake ji? Sai in ji kamar Sagiru yana bayansa, yanzu zai shigo yana tsokanata. Da Gwaggo ta kawo zancen nan, sai na ji daɗi wai har yanzu akwai mai kallona. Na sa kwalli. Amma ko sau ɗaya ban taɓa hango kaina a ɗakinsa ba. Ko da kika ce za su zo, tsoro na ji, ba murna ba."

"To ai da sannu za ki so shi. In na tafi..."

"In kin tafi sai me? Ya dawo ya aure ni yana tunaninki? Haka kike so min?"

Na kifa kai a gwiwarta ina kuka.

"Kin bar makaranta saboda ni, Yaya. Komai kin bar min. Shi ma sai in karɓa?"

"Ba nawa ba ne balle ki karɓa." Ta ɗago fuskata. "Kuma ban goya ki don wata rana ki rama min da rayuwarki ba. Gaya min gaskiya. Kina sonsa?"

"Ban sani ba..."

"Kin sani."

"Yaya..."

"Hamdiyya!"

"Ina sonsa," na faɗa. "Tun ranar farko. Na yi ta addu'a Allah ya cire min."

Ta rungume ni. Ita ma kukan take, ina jin hawayenta a wuyana. Mun jima a haka, sannan ta miƙe ta share ido, ta nufi gindin darbejiya. Ina jiyo ta daga ɗaki.

"Baba, ka aika wa mutanen Ƙofa. Ka ce an ba su."

"Maijidda... ke fa?"

"Ni ce uwarta, ni na bayar. Amma sai ta gama karatunta."

Washegari ta aika aka kira Uzairu. Ya zo ya tsaya a zaure, ya kasa shigowa, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ina laɓe a bayan ƙofa.

"Maman Bushira, ki gafarce ni. Wallahi ban taɓa nufin..."

"Na sani. Ba laifinka ba ne, ba laifin kowa ba ne. Abu ɗaya nake roƙonka. In ka ga sama ta haɗa, ko yaya take, kar ka shiga ruwa. Ka ji?"

"Na ji. Na yi alkawari."

"To shigo. Bushira ta dame mu da cigiyarka."

Ya shigo. Muka haɗa ido, na sunkuyar da kai.

"Hamdiyya," ya ce ƙasa-ƙasa, "har yanzu ba ki sani ba?"

"Ka ƙyale ni mana!"

Baba ya yi gyaran murya daga inda yake, yana ɓoye dariya.

Bayan na gama jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure. Gwaggo Asibi ta zo, ta fi kowa guɗa, tana gaya wa mata wai ita tun farko ta gane. Yaya ce ta yi komai: ita ta zaɓi kayan ɗaki, ita ta sa min lalle, ita ta riƙe hannuna da yamma har ɗakina.

Da mata suka fara watsewa, ta durƙusa a gabana za ta yi min nasiha, sai kuka ya ƙwace mata. Kuka sosai, har kafaɗunta na girgiza. Mata suna ta tsokanarta, wai uwar amarya ta fi amarya kuka. Ni dai na riƙe hannunta ina kallonta. Na rabuwa da ni ne? Na Sagiru ne? Ko na wani abu da ba za ta taɓa faɗa ba? Ban iya ganewa ba, ban kuma tambaya ba.

Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Hamdi, abu ɗaya. Kar ki riƙa kallona da tausayi. In na ga tausayi a idonki, ba zan riƙa zuwa gidan nan ba."

"To, Yaya."

"Ki ce wallahi."

"Wallahi."

Ta miƙe, ta gyara goyon Bushira, ta fyace hanci da gefen mayafi. Sai ta juya ga sauran matan, muryarta ta dawo daidai.

"To jama'a, a tashi haka! Ku bar min 'yata ta huta!"